Jirgin Yatsu Biyu

A cikin jirgin kasuwa na fara ganin abin, muna komawa gida daga Yelwa, da buhun gishiri tsakanin ƙafafuna. Wata ɗaliba da ta zo hutu tana zaune a gabana. Ta ɗora wani ɗan allo mai tayoyi huɗu a kan benci, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Ta aza masa yatsu biyu, manuni da na tsakiya, ta tura shi gaba, ta danna bayansa, sai ya yi tsalle ya juya ya sake dira ƙarƙashin yatsun. Ban kalli ruwa ba har muka kai gaɓa. Yatsun nake kallo, domin su ne daidai waɗanda suka sandare a hannun wanda zan aura.

Ɗan kawuna ne, masunci. An riga an sa mana rana lokacin da tarunsu ya maƙale a wani kututture daga itatuwan da tafkin ya shanye. Ya naɗe igiya a hannu yana ja, jirgi ya zame, igiyar ta ci yatsun nan biyu har ƙashi. An ɗinke a asibiti, ciwo ya warke, amma yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Malamin asibiti ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa kullum. Ya jefa ta bayan ɗaki, ya kuma daina zuwa zance. Sai saƙo ya zo ta bakin Inna: in ruwa ya sake cika hannun bai iya riƙe igiya ba, ya janye maganar aure, don ba zai kai ni gidan da ba ya iya ciyarwa ba.

Ni littattafan soyayya suka rene ni. A cikinsu in saurayi ya kwanta ciwo, budurwa kan yi ta kuka har ya tashi. Na gwada kukan, bai motsa masa ko farce ba. Na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in juya kifin da ke kan banda tun bai sha hayaƙi ba, in fita bakin ruwa in duba inda ya kai a jikin dutsen da muke wanki.

Na nemi gidan su ɗalibar. Ta ce sunan abin fingabod, ta buɗe waya ta nuna mini iri-iri: na roba, na katako, siriri, mai faɗi.

"Wa za ki saya wa?"

"Wani."

"Wanin nan, yatsunsa manya ne ko ƙanana?"

Na rufe fuska da gyale. Ta yi dariya ta ce, "In mai koyo ne, ki ɗaukar masa na katako mai faɗi, wanda samansa ke da taushi. Na robar nan tayoyinsa ba su gudu sosai, samansa kuma kaushi gare shi."

Na ji ta sarai. Amma akwai wani siriri na roba da aka zana wa jajayen furanni a ƙasa, kuma tuni na hango shi yana juya shi, ya ga furannin, ya ɗago kai ya dube ni. Shi na zaɓa. Direban motar Kwantagora ya kawo shi cikin ɗan kwali.

Na bi Inna dubiya gidan kawu. Yana zaune kan kifaffen jirgi a inuwa, hannun a cikin aljihu. Na ajiye masa, na nuna yadda ake yi.

"Mine ne wanga, ƙanwata? Na zama jinjiri ke nan?"

"Ka dai gwada, Yaya. In mace ta iya sa shi tsalle, ai kai ba a magana."

Ya fito da hannun don kada a ce ya ji tsoro. Yatsunsa biyu suka rufe allon gaba ɗaya, har suna taɓa tayoyi. Ya tura, kaushin saman ya karce sabon tabo, jini ya ɗan tsatso. Furannin ko juyawa bai yi ya gan su ba.

"Ki kai ma ɗiyan maƙwabta," ya ce, ya mayar da hannu aljihu.

Babana maƙerin jirage ne. Ya tarar da abin inda na yar da shi kan tabarma, ya juya shi, ya saurari abin da Inna ta raɗa masa.

"Jirgin ya yi ma mai shi kaɗan," ya ce.

Ya ɗauko guntun katakon da ya rage daga aikinsa, ya fere shi da faɗi, ya kwance tayoyin ya mayar a kai. Na ce masa gaba da baya duka ake ɗagawa, haka na ɗalibar yake.

"Tun da nike ban taɓa ganin jirgi mai goshi biyu ba," ya ce, ya ɗaga gaba kawai ya bar baya a miƙe.

Inna ta ɗauko tsohon silifas daga tarin da ake yankawa a ɗaura wa taru don ya yi yawo a saman ruwa, ta yanko siririn ɓawo ta manna a kai. Abin ya fito baƙi, mummuna, ba fure ko ɗaya. Na kai shi ne kawai don ba ni da wata dabara.

Wannan karon yatsun sun zauna, robar ba ta ci tabon ba. Ya tura, ya danna baya, allon bai tashi ba. Ya sake, shiru. Ya tsura masa ido, sai ya juya shi, goshin ya koma baya, ya danna da yatsan tsakiya. Allon ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi.

"Baba ya ƙera jirgin da ba ya tashi sai da baya," ya ce, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Ruwa ya ci gaba da hawa dutsen wanki. Matar kawu ta ce ƙarar tayoyin a kan kifaffen jirgi ta hana ta barcin rana, kuma in ƙananan notin sun kwance yakan zauna ya yi ta fama da su har ya ɗaure. Ni dai ina ta zirga-zirga tsakanin banda da gaɓa. Ranar da dutsen ya nutse gaba ɗaya, ya zo bayan la'asar. Na shirya jin kalaman da na haddace a littafi.

"Taya guda ta ɓace," ya ce. "Ki tambayi ɗalibar nan ko ana saida su daban."

Sannan ya miƙo hannu. Manuni ya lanƙwashe har tafi, na tsakiya ya tsaya a rabi.

"Igiya ba ta riƙuwa. Na gwada jiya."

Kafin in buɗe baki, ya ci gaba:

"Amma noti yana riƙuwa. Mai gyaran injin jirgi ya ce in riƙa zuwa rumfarsa. Ki ce ma Inna ta ci gaba da tara kwanoni."

Bai sake jefa taru ba. Yau yana da rumfar gyaran inji a bakin ruwan Yelwa, kuma da ita yake ciyar da ni da 'ya'yanmu. Yatsan tsakiya yana nan a rabi. Allon Baba yana cikin gwangwanin notinsa, an sake masa tayoyi ban san sau nawa ba. In jiragen masunta suka tashi da safe, yakan ajiye sifana ya bi su da ido, ya kai gaɓa ya dawo, ya sake komawa, sannan ya zauna ya yi ta tura allon a kan murfin inji har mai aiki ya yi masa magana.