Jan Biron Mai Gyara

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba kurakurai a kamfanin buga littattafai, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya bayan injuna. Mai Gyara ake ce masa. Ko katin gayyata ka miƙa masa sai ya zaro jan biro.

Ɗansa na fari ya sami aiki a ƙasar waje, a wani sito mai sanyi inda ake ɗaure furanni. Da Turanci ya rubuto wasiƙar farko, don uban ya ji daɗi. A samanta ya sa Holland.

"Me ya ce?" in ji uwar, wadda ba ta iya karatu ba. "Yana cin abinci?"

"Ko sunan inda yake bai sani ba. Holland lardi biyu ne kacal cikin goma sha biyu. Sunan ƙasar the Netherlands, wato ƙasashen kwari, don wani wurin teku ma ya fi su tudu. Kuma ba a yar da wannan 'the' ɗin."

"Malam, lafiyarsa nake tambaya."

"Mai ƙarfin yin kuskure ai lafiyarsa lau."

Ya zagaye kalmar da ja, ya mayar da wasiƙar ba gaisuwa. Ta biyu ma haka. Daga nan ya rantse ba zai ƙara karanta layi ɗaya ba sai an gyara. Ta uku da ta huɗu adireshin bayan ambulan kawai ya duba, ya shata ja, ya kai gidan waya da ƙafarsa.

Bayan wata bakwai wani abokin aikin ɗan ya yi sallama da jaka a hannu. Ciwon huhu ne ya yi ajalin yaron, in ji shi, an riga an binne. Wasiƙun nan huɗu da aka mayar na cikin jakar, tare da takardar shaidar mutuwa. Ƙanwar mamacin ta farke ta ƙarshe ta fassara wa uwar: yana asibiti, yana roƙon Baba ya ɗauko masa muryar Inna a kaset.

Mai Gyara ya karɓi takardar shaidar mutuwar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Su kam sun rubuta sunan ƙasar daidai," ya ce.

A makon nan matar ta kwashe kayanta ta koma gidan 'yarta. Ya ƙara shekara tara a duniya, uku na ƙarshe ba ya gani. Matar maƙwabci ce ke ajiye masa kwano a bakin ƙofa.