Goran Yagana Mai Banda

Duk wanda ya taɓa sayen banda a kasuwar Potiskum ya san Yagana, kuma ya sha labarin garinsu Baga ko bai tambaya ba. Shekara arba'in ke nan da aure ya raba ta da bakin Tafkin Chadi, amma har yau sai ta gaya maka yadda take bin mahaifinta kamun kifi tun tana ƙarama, kwance a kan gora. Goran nan kaɗai ta gada, ƙato, ya yi baƙi don tsufa, yana rataye a ɗakinta, ba mai taɓa shi. Matsalar ita ce duk Potiskum ba wanda ya taɓa ganin ta cikin ruwan da ya wuce na bokiti.

Jikarta Rauda ta fi kowa tsokana. "Kaka, ke da ko kwata ba kya tsallakewa sai an riƙe ki?" Yagana takan yi dariya, amma abin yana ci mata rai. Ba ta so ta bar duniya jikarta na yi mata kallon mai shara ƙarya.

Da damina ta cika wani tafki a wajen ƙauyen Danchuwa, kusa da Potiskum, sai ta tasa ɗanta Kashim a gaba har ya kwashe su ita da Rauda a Keke Napep ɗinsa, ga kular shinkafa, ga gora a cinyarta. Murna kamar ranar Sallah.

Rauda ta tsoma ƙafa ke nan sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da ƙarfi, yayyafi ya biyo.

"Iya, ku shigo mu tafi!" in ji Kashim.

Yagana ta ji kamar ta fashe da kuka. Sai iskar ta fizgi goran daga kan tabarma, ta wurga shi ruwa, ya nufi tsakiyar tafki.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta cire takalmi, ta ɗaure zani tamau, ta faɗa. Kashim bai iya ruwa ba, sai salati yake yana kai-komo a gaɓa. Tsohuwar da sai ta yi nishi kafin ta tashi daga tabarma, ga ta can tana yanka ruwa! Ta cafko goran, ta haye shi da ciki, ta juyo tana tuƙi da hannu biyu, ruwan sama na dukan bayanta, ita kuwa dariya take.

Ta fito tana haki, ɗankwali ya bi ruwa. Kashim ya hau faɗa, ko kallonsa ba ta yi ba. Rauda na tsaye, ta jiƙe sharkaf, baki buɗe.

"Kaka, yaushe za ki koya mini?"

Yagana ta miƙa mata goran. "Ungo, riƙe. Shekara arba'in ban bar kowa ya taɓa shi ba."