Sango Eyum, Jagoran da Ya Kafa Jirgi a Laka da Gangan

Sango Eyum ba ya aiki da agogo irin namu, ruwa ne ke yanka masa lokaci. In cikar ruwa ta faɗo da asuba, da asuba zai fito. In ta faɗo ana tsakiyar cin abincin rana, sai ya ajiye cokali ya miƙe. Matarsa, Nyango Engome (a nan Duwala Sango da Nyango laƙabin girmamawa ne, na namiji da na mace), ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa amsa gayyatar biki da sunansa ba sai ta fara tambayar abin da kogi ya ce.

Daga unguwar Bonaberi yake tasowa, ya tsallako gada, ya tsaya wurin mai wake da makala, irin fanken nan, a ƙofar tashar jiragen ruwa ya ci a tsaye. Daga nan sai ya leƙo ɗakin oba-oba inda nake aiki, ya ce, "Nyango Endale, yau wane baƙo muke da shi?" Sai in faɗa masa jirgin da ke jira a bakin teku, da kayan da ya ɗauko, da iyakar yadda cikinsa ya nutse a ruwa. Wannan na ƙarshen ne kaɗai yake sa in maimaita. Ya jefa namijin goro a baki, ya rataya jakarsa, ya gangara wurin Ngalle, mai tuƙa ƙaramin jirgin da ke kai jagorori.

Aikinsa ke nan shekara talatin da ɗoriya: shigo da manyan jirage Duwala da fitar da su. Komai girman kyaftin, dole ya tsaya a waje ya jira ɗan gari ya hau tsanin igiya ya karɓi jagoranci. Wanda ya tsaya a gaɓa zai ga kogin Wuri a shimfiɗe ya ce ina abin wahala. Laka ce da ruwa a kanta. Hanya ɗaya ce tak, siririya, wadda jirgin yasa ke haƙewa kogi yana mayarwa duk damina, da gangunan alama a gefenta, ja a hagu kore a dama in kana shigowa. In ka shiga babu juyawa, babu tsayawa. Ka yi gudu, gindin jirgi ya zauna ya shafi ƙasa. Ka rage da yawa, sitiyari ya daina jin magana, ruwa ya kai ka inda ya ga dama.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma zai ajiye shi da tabo a sunansa. An rubuta cewa ya taɓa yin kuskuren da ya toshe hanya. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, don ina wurin, kuma ba na son a yi masa sallama da lemo da tafi ba a faɗi yadda aka yi ba.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa ado. Taurin kansa ya isa. A majami'a yana cikin mawaƙa, kuma kowa ya san don haƙuri aka bar shi. Kwalin sigarin da kyaftin-kyaftin ke miƙa wa jagora bai taɓa ƙin karɓa ba, ko da yake ba ya sha. Ngalle yake jefa wa, yana cewa ga abin da zai kashe ka da wuri in huta. Amma Ngalle ya ce duk tsawon shekarun nan, ko ranar da igiyar ruwa ke ɗaga su tana bugawa da jikin jirgi, bai taɓa jin ya daka masa tsawa ba. Ni ma shaida ce a kan muryarsa. Jagorori da yawa in abu ya ɓaci sai ka ji su kamar an taka wutsiyar kare. Shi ranar da sitiyarin wani jirgin shinkafa ya mutu a tsakiyar hanya, da muryar da yake tambayata lafiyar yara da ita ya nemi taimako, ya saki anka yana jan jirgin a hankali har aka kawo masa jiragen ja.

Abin da ya jawo masa tabon ya faru ne wata safiya cikin damina, shekaru da yawa da suka wuce. A lokacin shi ake shirin naɗawa shugaban jagorori, kowa ya sani, har an fara tsokanarsa da kujerar. Ya hau wani jirgi maƙare da alkama, ya shigo da shi kan cikar ruwa. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, da ya ɗauke sai ga kwalekwale a tsakiyar hanya, daidai kwana.

Wannan ba sabon abu ba ne. Kifi da cikar ruwa yake shigowa, jirage ma haka, don haka masunta da jagorori kullum lokacinsu ɗaya. Doka ta hana jefa taru a hanyar jirgi, amma nan kifin yake. Sun saba su bari sai jirgi ya zo daf, su janye, har su ɗaga maka hannu. Kyaftin ya sa aka danna oda, ya ce za su kauce, kullum suna kaucewa. Sango Eyum ya ɗora madubin hangen nesa. Ya ga mutum huɗu, babu mai riƙe da filafili, babu wanda ya je wurin inji. Duk sun duƙufa gefe ɗaya suna ja. Tarunsu ya sarƙe da sarƙar gangar alama.

Shi ɗan masunci ne, a kwalekwale ya yi wayo. Ya san abin da baƙo ba zai sani ba: mutumin da tarunsa ya maƙale ba ya yankewa. Wuƙa tana ƙugunsa, yana ganin mutuwa tana tahowa, zai ce bari in ƙara ja sau ɗaya. Taru shi ne gonar gidan gaba ɗaya. Oda ba za ta ɗaga shi ba.

Sai na ji shi a oba-oba. "Nyango Endale, zan sa hancin jirgin nan a laka, ɓangaren kore. Ki turo mini jiragen ja."

Na ce ya maimaita, don na ɗauka kunnena ne. Ya maimaita kalma bayan kalma. Ya zaɓi gefen da ya san laka ce mai laushi, ya rage inji, ya karya sitiyari. Ngalle, da ke biye a baya, ya ce jikin jirgin ya wuce kwalekwalen da tazarar da za ka iya miƙa wa mutum sanda, igiyar ruwan ta kusa kifar da su, ita ce ma ta fizge tarun. Jirgin ya nutsa hanci a laka ya tsaya cik. Ba wanda ya ji ciwo, cikin jirgin bai fashe ba. Amma da ruwa ya janye sai ya zauna daram, gindinsa ya tare hanya. Kwanaki aka yi ana rage masa kaya kafin ya taso, jirage sun yi layi a bakin teku, masu kaya suna ta kumfar baki. Kwalekwalen kuwa tun a ruɗanin farko ya shige cikin dajin bakin ruwa.

Aka kafa kwamitin bincike. Ban ce mugaye ba ne, tambayarsu ɗaya ce kuma tana kan hanya: dole ce ta sa, ko firgita? Kyaftin ya ce da an ci gaba da sun kauce. Sango Eyum ya ce tarun a sarƙe yake. Suka ce to a kawo mai kwalekwalen ya faɗa da bakinsa. Sango Eyum ya gane shi kuwa, ta fentin da ke goshin kwalekwalen, Ngalle ma ya gane shi. Sai dai duk wanda ya amsa cewa ya jefa taru a hanya har ya jawo wannan asara, kwalekwale da inji da taru sun tafi, shi kuma sai gidan yari. Sango Eyum ya ce musu ya san mutumin, kuma ba zai kawo shi ba. Ya sa Ngalle ya rantse zai kama bakinsa.

Suka rubuta kuskuren jagora. Aka mayar da shi kan ƙananan jirage shekaru, kujerar ta wuce shi, ba ta sake dawowa ba. Waɗanda ya koya wa hanya suka zama shugabanninsa.

Na yi fushi, kuma da shi na yi. Na tare shi a bakin matakala na ce, "Sango, kai fa kana da iyali."

Ya ce, "Shi ma yana da su."

"Shi ya karya doka, ba kai ba."

"Ya karya. Ni kujera na rasa, gobe zan zo aiki. Shi in an ɗauke kwalekwalen, ina za shi?"

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin bai taɓa zuwa ya ce an gode ba. Ko kan kifi bai aiko ba. Sango Eyum ko a jikinsa. Ya koma kan ƙananan jiragensa yana shigo da su da kulawar da yake yi wa manya. Shi ya nace har aka yarda ƙaramin jirgin Ngalle ya riƙa wucewa gaba yana share hanya in babban jirgi zai shigo. Ranar hutunsa kuma ya kan bi ƙauyukan masunta, ya zauna ana shan hayaƙin bandar kifi, yana nuna musu dalilin da ya sa jirgi ba ya da birki.

A bana, da ritaya ta matso, shugaban jagorori na yanzu, Sango Priso, wanda shi ma a hannunsa ya koyi aiki, ya kira shi. Ya ce magana ta tsufa, a kawo mutumin ya ba da shaida a gaban hukuma, zai tsaya masa kada a taɓa shi, a goge tabon, ya sauka da darajarsa. Nyango Engome ta sa baki, 'ya'yansa suka sa baki, ni ma ban yi shiru ba. Da ƙyar ya yarda. Wata Asabar suka tafi shi da Ngalle, kuma daga bakin Ngalle na ji sauran.

Sun tarar da mutumin ya tsufa, yana zaune a inuwa yana ɗinkin taru, jikoki sun cika tsakar gida. Bai gane su ba. Ta ina zai gane? Jirgi ya gani a ranar, bai ga fuskar kowa ba. Ya karɓe su kamar kowane baƙo, matarsa ta kawo gasasshen kifi da miyondo, dafaffen ƙullin rogon nan da ake naɗewa a ganye. Da ya ji a tasha suke aiki sai ya gyara zama, ya ce bari ya ba su labarin da ba su taɓa ji ba. Ya ce wata rana jirgi kamar gari ya taho kansa, shi da ƙanensa da 'ya'yansa maza biyu. Wuƙa tana hannunsa, ya kasa yankewa. Sai mutanen ruwa, aljanun kogi, suka kama jirgin ta ƙasa suka jefar da shi gefe. Ya ce tun daga nan duk shekara sai ya koma wurin ya zuba musu abin godiya, kuma duk ƙauyen an san gidansa gidan da ruwa ke so ne. Jikokin suna taya shi ƙarasa labarin, don sun haddace.

Ngalle ya buɗe baki, Sango Eyum ya taka masa ƙafa. Ya gama cire ƙayar kifinsa, ya ce, "Baba, tarun fa? Ya fita?"

"Ya fita. Rabi ya yage, na ɗinke."

"To madalla."

Suka wanke hannu suka yi sallama. A hanya Ngalle ya kashe inji a tsakiyar ruwa ya balbale shi da faɗa, ya ce shekara da shekaru yana riƙe da rantsuwa, yau ga dama ya zubar. Sango Eyum ya bari ya gama, sannan ya ce, "Shaida na je nema, na kuwa gani. Mutum huɗu na hango a ranar, yau ka ga gidan. In ja tsohon nan zuwa gaban tebur, ya tsaya yana cewa laifinsa ne, don a goge mini layi ɗaya? Tayar da inji, ruwa yana janyewa."

Ranar Litinin ya gaya wa Sango Priso a bar maganar.

Sango Eyum, kai ne ka shigo da abincin garin nan ta hanyar da ba ta yafe kuskure, shekara da shekaru, mutane suna ci ba su san sunanka ba. Kai ne ka tsaya a kan jirgin wani, da kujera tana jiranka a gaɓa, ka dubi masunta huɗu ka zaɓe su. Na yi maka faɗa a kai, har yau ban gama hucewa ba, amma ban taɓa aiki da wanda nake girmamawa kamarka ba. Jagoran jagorori, ko ba a naɗa ka ba.

Ku da kuka karɓi hanyar daga hannunsa, zurfin ruwa da lokacin cika duk za ku samu a na'ura. Ku koyi ɗaga madubi ku duba abin da mutanen cikin kwalekwale suke yi da hannuwansu kafin ku ce za su kauce. Mu sauran ma, kowa da inda yake riƙe da ran wani ba tare da mai ran ya sani ba, ya riƙe da kyau.

Za ka sauka da tabon, Sango, kuma tsohon nan zai ƙare kwanansa yana gode wa ruwa. Kai ka zaɓi haka. Mu da muka sani, mun gode maka a madadinsa.