Likita Ɗanlami da Haƙorina na Gaba

A ranar akwai ni, da ƙanwata Uwale, da Sista Ngozi mai miƙa masa kayan aiki, sai shi marigayi Likita Ɗanlami, a asibitinsa na Sabon Gari. Kun dai san shi da shinshine-shinshine. Kwalbar magani ma sai ya kai ta hanci kafin ya yarda da rubutun jikinta.

Haƙorina na gaba ne ya karye, ga bikin jikata a ƙarshen mako. Ya cire jijiyar, ya wanke ramin da wani ruwa mai warin bilicin wanki. Saura ya kafa ɗan turke a ciki da gam, ya ɗora sabon haƙori. Sai mutumin nan ya ajiye kaya.

"Sai mako mai zuwa, Inna."

"Mako mai me?"

"Gam ba ya shiri da bilici. Ko na ɗauraye, saura na nan a jikin haƙorin. In na manna yau, riƙon wasa zai yi."

Na ce ya ƙara ɗaurayewa mana. Ya ɗauraye, ya tsane ramin da 'yar takarda mai kamar tsinken sakace, ya shinshina, ya girgiza kai.

Uwale ta ce, "Likita, ramin haƙori ne ko tukunyar daddawa?"

"Hajiya, ke naki saura nawa da za ki sa baki?"

Sista Ngozi ta raɗa mini cewa tun yana sabon likita wani Alhaji na Kasuwar Singa ya matsa masa, ya manna a ranar. Haƙorin ya faɗa kwanon miya a gaban surukai, da turkensa da komai!

"Har yau ba ya amsa sallamata," in ji Likita, ashe yana jin mu.

Na yi faɗa, na tuna masa na san uwarsa tun tana unguwar Kwaciri. Ya ce ita ma sai da ta jira. Kai, taurin kai!

Da ya tashi mannawa kuwa, ga haƙorin nan, har rake nake sha da shi. Allah ya jiƙan Ɗanlami, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari.

Amma a ranar da ya ƙi mannawar, ko sallama ban yi masa ba. Washegari na sa Uwale ta raka ni kasuwar Kwari, na sayi mayafi mai faɗi. Da shi na rufe baki har aka gama biki, mata suna ta cewa ba su taɓa ganin Inna da kunya haka ba.