Buhun Albasa a Gaban Bagadi

Mijina, Allah ya ji ƙansa, in magana ta zo bakinsa ko giwa ba ta tare ta. Shekarun da aka yanka mana Jihar Kebbi shi ne paston 'yar cocinmu a Jega. Dukanmu 'yan ƙasar Zuru ne da neman abinci ya kawo, kuma yawancin mazan a kasuwar albasa ta Aliero suke, suna cika buhu suna ɗinkewa.

To, sana'ar tana da sirrinta: ƙanana da masu shirin ruɓewa a ƙasa, manya jajaye a baki. Yi wa buhu fuska suke ce masa. Wata Lahadi kawai bawan Allahn nan ya miƙe ya ce wannan sata ce. Sata! A gaban matansu da 'ya'yansu! Dattijon cocinmu, wanda shi ne babban masu ɗinkin, ya ɗauki hularsa ya fice ana tsakiyar wa'azi.

A gida na tare shi. "Maigida, ka rasa zunubin da za ka taɓa sai wanda ke ciyar da mu? Ga giya nan, ga gulma!" Ya ce waɗannan ya yi su bara. Lahadi ta zagayo, ya maimaita.

Sai mutanenmu suka fara cika mota suna tafiya sujada Maiyama. Zumuntar mata ta koma ni da tsofaffi biyu, ina buga tulu suna tari. Manyan ikilisiya suka aiko cewa in ranar godiyar kaka ta zo coci ba kowa, za su rufe ta su ɗauke mu. Cocin da mijina ya kwaɓa ƙasarta da ƙafarsa! Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa.

Ranar godiya muna zaune jugum, sai ga motar Maiyama ta tsaya a ƙofa. Dattijo ya shigo da buhu a kafaɗa, jama'a na biye da shi, ya dire shi gaban bagadi. Bakin buhun jajir, manya zalla. Nan fa jinina ya hau, na ce lallai izgili ya kawo mana. Na wawuri wuƙar yankan rake na farke gindin buhun.

Wayyo, albasa! Ta gangara ƙarƙashin benci, yara na bin ta da gudu. Na duba, na sake dubawa, babu ruɓaɓɓiya ko ɗaya. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba, mata suka amsa.

Dattijo ya zauna ya ɗora hula a gwiwa. "Mama, kin gani? Ba a yi wa Allah fuska."

Da wani ne sai ya ce amin a wuce. Mijina ya ce, "Madalla, Baba. Buhun gobe Litinin fa, wanda za a loda zuwa kudu?"

Na ce shi ke nan, mu ɗaure kaya. Dattijo ya ɗauki hularsa, ya juya ta, ya dubi ƙofa, ya dubi albasar da ke ƙasa.

"Kai, Pasto, ba ka da dama," in ji shi. Ya mayar da hular kan gwiwarsa. "Mama, ɗauko mana waƙa."

Ranar na buga tulu har ya tsage a hannuna.