Takalman da Baƙo Ya Ba Gado

Shekara ta huɗu bayan tafiyar Nasara masu mulkin mallaka ce, kakar da aka ce kowane gari ya fito da baka da kibiya don 'yan tawaye sun ƙetaro iyaka. Mu a ƙauyenmu na kusa da Tabotaki, girbi ne a gabanmu.

Ran Talata da hantsi ni da wana Gado muna ɗaurin dammunan gero. Mutum biyu suka gangaro daga tudu, leɓɓansu sun tsage. Gado ya miƙa musu goran fura. Bai tambaye su ko su wane ne ba, don a gidanmu ba a tambayar mai ƙishirwa. Da za su wuce, ɗayan ya ciro takalman soja daga jakarsa ya ba shi. Na ce ya binne su. Ya ce kyautar baƙo ba a binne ta. Ya sa su ya taka har gida yana dariya, wai ya zama kumandan.

Laraba, rana ba ta kai tsaka ba, muka ji kamyo, babbar motar kaya. Bayan kamyo, ganga. Masu bindigar gwamnati ne da mutanen garuruwan maƙwabta, suna neman 'yan tawaye. Sun biyo sawun takalman daga gona, sawun ya ƙare a ƙofar Gado.

"Ku fito! Ku kwanta!"

Harbi uku na ƙirga. Na farko a sama. Na biyu ya sami Gado a cinya. Na uku ban san inda ya faɗa ba sai da na kira matata Hajo ba ta amsa ba. Aka sa wa rumbuna wuta. Gero in yana ƙuna, ƙararsa kamar ruwan sama a kan kwano take. Har yau ba na son farkon damina.

Da la'asar suka tafi, sun ɗauka Gado ya mutu. Maƙwabta suka ce in gudu da shi, su za su yi wa Hajo sutura. Na ɗora shi a jaki. Muka bi kwari, muka kauce wa hanyar mota. A Galma wata tsohuwa ta miƙo mana ruwa ta saman darni, ba ta bari mun ga fuskarta ba.

Rana ta uku muka isa asibitin 'yan mishan. Ƙafar ta riga ta yi wari. A can kowane majinyaci danginsa ke dafa masa. Kusa da Gado akwai wani tsohon Bafillace da ba shi da kowa. Gado ya dube shi, ya ce da ni, "Ƙane, raba kunun nan biyu."

Kwana shida ya yi. Da muka binne shi na kwance jaki, ban san inda zan nufa ba. Sai na tuna tsohon bai karya ba. Na koma na hura wuta.

A da, sallata ta idi ce kawai. Mai wanke miki a can, wani Kirista, ba ya taɓa kowa sai ya roƙi Allah. Ni ma na koma yin alwala kafin in ɗora tukunya. Yanzu duk wanda ya zo asibitin ba dangi, ni ake kira. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutun nan.

Ga abin da na rasa: rumbu uku. Awaki tara. Wana Gado. Hajo, da cikin wata biyar. Ban san gefen da aka binne ta ba.