Sallau Mai Kukuma, Maroƙin da Ya Roƙi Unguwa Guda

In ya idar da sallar asuba, Baba Sallau kan zauna a ƙofar gidansa a unguwar Jekadafari ta Gombe, ya goga ƙaro a izgar kukumarsa, ya gwada murya kafin ya nufi kasuwa ko gidan suna. Shekara talatin da biyar yana haka. Bana ya ce maƙogwaro ya gaji.

Waƙarsa labari ce, tun daga zuwan jirgin ƙasa Gombe har canjin kuɗi zuwa naira. Amma "maroƙi" ake ce masa, ana taɓe baki. Kalmar daga roƙo ta fito, kamar yadda manomi ya fito daga noma, shi ya sa wasu suke ganin ɗan maula ne kawai.

Shekarar da agana ta shigo unguwarmu, ta ɗauke ƙanwata A'i da wasu yara shida. Isaiah, ma'aikacin lafiya ɗan Kaltungo, ya kafa tebur a gindin darbejiya da injin lamba, wato na allurar riga-kafi, mai kama da bindiga. Aka baza cewa harbin yara ake yi. Kwana biyu ba wanda ya miƙa hannu, ga shi kwana uku kacal aka ba ma'aikatan lafiya.

Rana ta uku Sallau ya tsaya gefen teburin ya ja kukuma, ya rera labarin yaran da muka binne, kowa da sunansa. Alhaji Hamman mai shagon atamfa ya daka masa tsawa: "Kai maroƙi, me suka ba ka?"

"Alhaji, sunana ka faɗa, ai ba zagi ba ne," in ji Sallau. "Maroƙi mai roƙo ne. Yau dai ba riga nake roƙo ba. Roƙonku nake ku bar 'ya'yanku su rayu." Ya naɗe hannun riga. "Malam Isaiah, fara da ni."

Iyarmu, da ta ji sunan A'i ta katanga, ta fito tana hawaye, ta jawo mu mu uku. Kafin la'asar layi ya kai bakin masallaci, Alhaji Hamman na ciki da 'ya'yansa. Ba mu ƙara binne yaro saboda agana ba.

Baba Sallau, kai ne zakaran da ya tashi unguwa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu murya a garin nan, ku koya daga gare shi: in za ku buɗe baki, ku buɗe shi inda zai ceci rai.